Makin AnTuTu da Maganin Ciwon Daji: Kada Lamba Ta Sa a Sayar da Gona

Duk wanda ya daɗe a harkar wayoyi ya san akwai lambar da ake sayar da waya da ita, akwai kuma abin da wayar ke yi bayan ta kwana biyu a aljihu. A kwali za a rubuta maka batir 5000mAh da kyamara mai megafiksel 108, a YouTube kuma a nuna maka makin AnTuTu har ka ji kamar jirgi za ka saya. A 2013 shafin AnandTech ya gano cewa Galaxy S4 ta Samsung tana ƙara wa injinta gudu da zarar ta gane manhajar gwaji aka kunna, in an koma amfanin yau da kullum sai ta koma yadda take. A 2018 aka kama Huawei da irin wannan, har aka cire wasu wayoyinta daga jadawalin 3DMark. Wayar ta kawo makin da gaske, sai dai mai saye ba makin ya dame shi ba. Tambayarsa ɗaya ce: za ta kai ni dare ba tare da na je wurin mai caji ba?

Irin wannan matsalar tana nan a duniyar maganin ciwon daji, kuma can abin da ake asara ya wuce kuɗin waya. Na san wani zai ce me ya haɗa shafin fasaha da wannan batu. Abin da ya haɗa mu shi ne, a gidajenmu na Ikara da Makarfi da Kudan, in aka dawo daga asibitin Shika da takarda mai ɗauke da sunan magani, hannun mai babbar waya ake miƙa wa. "Kai da ka iya waya, duba mana wannan." Abin da ka karanto a Google, ko ChatGPT ta faɗa maka a daren nan, yana cikin abin da zai sa Baba ya yanke shawarar jinginar da fadamar rake ko ya haƙura. Ƙididdigar hukumar IARC ta 2022 ta nuna kimanin mutum 128,000 ne suka kamu da daji a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu. Takardar nan za ta iso hannun da yawa daga cikinmu.

Ni ba likita ba ne, aikina rubuta manhaja ne, kuma a kan waya da tsohuwar kwamfuta na koye shi. Amma aikin ya koya mini in tambayi kowace lamba: me aka auna, da me aka kwatanta, su wa aka bari a baya? Ra'ayina shi ne, duk maganin dajin da ba a nuna ya ƙara wa mutum kwana ko ya sauƙaƙa masa kwanan da ya rage ba, makin gwaji kawai yake da shi, kuma iyali na da haƙƙin a faɗa musu haka kafin su sayar da abin da suka mallaka.

Ƙwallo a ƙarƙashin soso

Hanya mafi tsabta ta gane ko magani na aiki ita ce a tara marasa lafiya masu cuta iri ɗaya, kwamfuta ta jefa ƙuri'a ta raba su gida biyu, a ba wasu sabon maganin, a ba sauran wanda aka saba, sannan a jira a ga ɓangaren da ya fi daɗewa a raye. Masu rubuta manhaja sun san wannan, shi ne gwajin A da B da muke yi wa maɓalli ko shafin rajista. Ƙuri'ar ita ce ke hana likita, ko da bai yi niyya ba, tura masu ƙarfin jiki ɓangaren sabon magani. Wannan ma'auni na tsawon rai, a takardun bincike za ka gan shi da haruffa biyu, OS. Ba ya buƙatar fassara, mutum ko yana raye ko ba ya raye.

Matsalarsa jira. Yana iya cin shekaru biyar ko fiye, kamfani kuma na son kuɗinsa, marasa lafiya ma ba su da lokacin jira. Don haka aka samo ma'aunai na madadin. Na farko shi ne raguwar ƙari. Akwai ƙa'ida mai suna RECIST da aka fitar a 2000, aka sabunta a 2009. Ana zaɓar ƙari har guda biyar a hoton CT, a auna faɗinsu, a haɗa jimla. In jimlar ta ragu da kashi 30 cikin 100, a ce cutar ta amsa magani. In ta ƙaru da kashi 20, a ce cutar ta ci gaba. Abin da ke tsakani kuma a ce ta tsaya. Ga mai rubuta manhaja wannan layi uku ne na "idan kaza, to kaza". Wato in jimlar ƙarin santimita 5 ce ta koma 5.9, a rubuce cutar ta tsaya. In ta kai 6, ta ci gaba. Jikin mutum bai san da wannan iyakar ba.

Daga ina aka samo 30 ɗin? A nan ne labarin ya fi ba ni mamaki. A 1976 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Charles Moertel, tare da masanin ƙididdiga James Hanley, suka jera ƙwallaye 12 suka lulluɓe su da soso, suka kira ƙwararrun likitocin daji 16 suka ce kowa ya laluba ya auna, kamar yadda ake lalubar ƙari a cikin mutum a wancan zamanin. Wasu ƙwallayen girmansu ɗaya, likitocin ba su sani ba. Da aka ɗauki raguwar kashi 25 a matsayin nasara, kusan sau ɗaya cikin biyar ƙwallon da bai canza ba sai ya fito kamar ya ragu. Da aka ɗaga iyakar zuwa kashi 50, kuskuren ya sauka ƙasa da ɗaya cikin goma. Sai aka ɗauki kashi 50 na fili, tsawo sau faɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a ƙa'idarta. In kuwa fili ya ragu da rabi, faɗi ya ragu da kimanin kashi 30 ke nan, kowa na iya gwadawa a kalkuletar wayarsa. Ashe iyakar da ake cewa magani "ya yi aiki" a yau, asalinta iya abin da yatsun likita ke bambancewa ne ta cikin soso. Ba wanda ya taɓa cewa raguwar kashi 30 ita ce ke sa mutum ya ga auren 'yarsa.

Ma'auni na biyu shi ne tsawon lokacin da mutum ya yi kafin cutar ta ci gaba bisa waccan ƙa'idar, ana rubuta shi PFS. Shi ya fi yawa a tallace-tallacen sababbin magunguna, kuma shi ne ya fi ruɗa mai karatu, don in ka sa shi a manhajar fassara sai ya fito maka kamar ƙarin tsawon rai.

Labarin Avastin ya isa misali. A gwajin farko kan mata masu sankarar mama da ta bazu, waɗanda aka ƙara wa Avastin sun yi wata 11.8 kafin cutar ta ci gaba, sauran wata 5.9. Ninki biyu! A 2008 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi izinin gaggawa. Da aka yi gwaje-gwaje na gaba sai tazarar ta tsuke, tsawon rai bai ƙaru ba, ga hawan jini da zubar jini, wasu har hanjinsu ya huje. A Nuwamban 2011 hukumar ta janye izinin amfani da shi a kan sankarar mama. Shekara kusan huɗu mata suna karɓa, ana biyan maƙudan kuɗi. A lura, maganin yana nan da izininsa a kan wasu nau'o'in daji kamar na hanji, don can an nuna ya ƙara kwana. Magani ɗaya, cuta daban, amsa daban.

Kuma ba Avastin kaɗai ba ne. Wani bincike da aka buga a mujallar BMJ a 2017 ya duba izini 68 da hukumar magunguna ta Turai ta bayar kan magungunan daji tsakanin 2009 da 2013, ya tarar 39 daga ciki sun shiga kasuwa ba tare da hujjar sun ƙara tsawon rai ko jin daɗin rayuwa ba. Wani kuma, na Tito Fojo da abokan aikinsa a 2014, ya duba magunguna 71 da Amurka ta amince da su daga 2002 zuwa 2014 don dajin da ke fitowa a matsayin ƙari, ya ga matsakaicin ƙarin rayuwar da suka kawo wata 2.1 ne.

Masu kare waɗannan ma'aunai suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ƙarin da ya ragu yana iya sakin hanyar numfashi ko ya rage zafi, wannan kuwa alheri ne ko da kwana bai ƙaru ba. Akwai kuma maganin da tun a matakin farko aikinsa ya fito fili. Imatinib, na wani nau'in dajin jini, a gwajinsa na farko mutum 53 cikin 54 da suka sha isasshen adadi jininsu ya daidaita, aka ba shi izini a 2001 ba a jira ƙidayar mamata ba, kuma lokaci ya gaskata hakan. Da an jira da an yi zalunci. Na yarda. Amma Ba'amurken da inshora ke biya masa in ya gwada magani mai shakku, abin da ya yi asara kaɗan ne a aljihunsa. Mutumin Hunkuyi kuwa daga kuɗin tumatir da mazarƙwaila zai biya, in ya ƙare a taɓa kuɗin makarantar yara. Wanda asararsa ta fi girma shi ya fi cancantar a ba shi hujja mai ƙarfi.

Kwana goma, da shekara ashirin

Ko da an auna tsawon rai, sai an iya karanta lambar. Akwai maganin erlotinib da aka gwada kan dajin fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin. Mutum 569 aka raba gida biyu. Waɗanda suka samu maganin, na tsakiyarsu ya rayu wata 6.24, sauran wata 5.91. Ka yi lissafi, kwana goma ne. A ƙididdiga an ce bambancin tabbatacce ne, aka ba shi izini a 2005. Kalmar "tabbatacce" a bakin masu ƙididdiga tana nufin da wuya a ce dace ne kawai ya kawo bambancin. Ba ta nufin bambancin yana da girma.

Sai kalmar "na tsakiya", wadda ke tsorata mutane fiye da kima. In aka jera marasa lafiya daga wanda ya riga kowa rasuwa zuwa wanda ya fi kowa daɗewa, na tsakiyar layin ake faɗa. Rabi sun wuce shi, wasu da nisa. Masanin halittu Stephen Jay Gould an gano masa wani mugun daji a ciki a 1982, ya duba littattafai ya ga na tsakiya wata takwas ne. Ya rayu shekara ashirin, kuma wani dajin daban ne ya yi ajalinsa a 2002. Don haka in ka ga "wata takwas" a intanet, kada ka shiga ɗakin Inna kana lissafa mata kwana. Rai na hannun Allah, ita lambar bayanin taron mutane take yi.

Haka in ka ga an ce magani ya rage haɗarin dawowar cuta da kashi 50, tambayi rabin nawa. A ce cikin mutum 100, arba'in cutar ke dawo wa, magani ya mayar da su ashirin: an ceci ashirin. A ce kuma mutum huɗu ne kacal take dawo wa, ya mayar da su biyu: shi ma kashi 50 ne, amma 98 sun sha wahalar magani da kuɗinsa ba tare da ya canza musu komai ba. Kamar tallan garaɓasar data ne, sai ka duba asalin abin da aka ninka.

Abin da ke yawo a WhatsApp

In wannan ne halin magungunan da suka bi matakai, ina ga wanda shaidarsa bidiyo ce? Kowa ya taɓa ganinsu a TikTok da zaurukan WhatsApp na dangi: mace riƙe da kwalba tana cewa likitoci sun sallame ta, wannan ya tashe ta. Ban ce ƙarya take ba. Tambayata ita ce, mutum nawa suka sha, kuma ina sauran? Wanda ya rasu ba ya yin bidiyo. An tabbatar ma daji ne ta hanyar yankar tsoka a duba a na'ura, ko kumburi ne kawai? Ta yi tiyata ko kemo kafin ta fara shan kwalbar?

Wasu kuma su turo maka hoton takardar jami'a: ganye kaza ya kashe ƙwayoyin daji a ɗakin gwaji. A cikin faranti ko ruwan bilic ma yana kashe su. Wani babban bincike na 2019 ya nuna cewa cikin magungunan dajin da suka kai ga fara gwaji a jikin ɗan Adam, kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai ke kai wa ga izini, alhali dukkansu sun ci jarrabawar faranti da ta ɓera. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, tana nufin an duba ba a ga alamar cutarwa ba. Ba ta ce yana warkarwa ba, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Ba gaba nake da itatuwa ba. Vincristine, da ake warkar da dajin jinin yara da shi, daga wani fure na Madagaska aka samo shi. Paclitaxel da ake ba mata masu sankarar mama, asalinsa ɓawon itace ne. Bambancinsu da kwalbar TikTok shi ne sun yarda an ƙirga su. Wanda ake kira "bitamin B17", na ƙwallon wani ɗan itace, shi ma an ƙirga shi: Moertel ɗin nan mai ƙwallaye ya jagoranci gwajinsa a kan mutum 178, aka buga a 1982, ba wanda ya warke, wasu ma suka nuna alamun gubar sayanayid. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har yau ana tura shi da "ka yaɗa don Allah".

Ba mu cikin lissafin

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ko lambobin masu kyau ba a kanmu aka samo su ba. Galibin gwaje-gwajen nan a Amurka da Turai da gabashin Asiya ake yin su, a kan mutanen da aka gano cutarsu da wuri, masu cin abinci mai kyau, waɗanda ba sa tsallake zagayen kemo don kuɗin mota ya gagara. Namu kuwa yawanci sai ciwo ya ci ƙarfi ake isa Shika. Akwai ma bambanci a jini. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna da wani gado a jininsu da ke sa adadin wasu fararen ƙwayoyin jini, niyutirofil, ya yi ƙasa da na Turawa alhali lafiyarsu ƙalau. Gwaje-gwaje da yawa kuma sun sa sharaɗin sai adadin ya kai 1,500 kafin a ɗauki mutum. Iyakar da aka yanka da jinin wasu ita ke tace namu. Duk mai rubuta manhajar da ya taɓa gina abu a kan iPhone da intanet mai gudu, sannan ya ga yadda ya durƙushe a kan itel a ƙauye, ya san abin da nake nufi.

Na san dalilin da kalmar "gwaji" ke ɗaga hankalin mutanenmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar a ɓangaren sabon maganin, shida a ɗaya ɓangaren. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har 2009 da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon nan na gaske ne. Amma in muka ce saboda shi ba za a sake gwada komai a kanmu ba, mun zaɓi mu riƙa shan magani bisa awon jikin wasu har abada, wannan ma gwaji ne, sai dai ba mai rubuta sakamakonsa. Abin da ya kamata mu dage a kai shi ne ƙa'ida: izinin NAFDAC, amincewar kwamitin ɗa'a na asibiti, bayani da Hausar da mutum zai gane, 'yancin fita duk lokacin da ya so, da lambar rajista. Wannan na ƙarshe kowa na iya dubawa a waya. Gwaji na gaskiya yana da lamba a rumbun ClinicalTrials.gov, mai farawa da NCT da lambobi takwas, ko a rumbun Afirka na PACTR. A can ake rubuta abin da za a auna tun kafin a fara, don kada a sauya ragar bayan an buga ƙwallo.

Kuma nahiyar nan ta taɓa ba duniya ilimi a wannan fanni. A shekarun 1960 likita Victor Anomah Ngu a Ibadan yana cikin waɗanda suka nuna cewa dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara, yana warkewa da kemo, har ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972. A zamanin nan Indiya ce ke nuna hanya. A asibitin Tata da ke Mumbai sun lura yawancin marasa lafiyarsu ba za su iya sayen nivolumab ba, sai suka gwada miligiram 20 kacal, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na adadin da aka saba, a kan mutum 151 masu dajin kai da wuya, da ƙuri'a. Bayan shekara ɗaya kashi 43 na waɗanda suka samu suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 16. Tambayar talaka suka yi, suka auna ta da ma'aunin da ba ya ruɗi. Ba kamfanin da zai biya kuɗi a gano cewa kaɗan daga maganinsa ya wadatar, sai mai buƙata ya tashi da kansa.

Gurbin da ba a cike ba

A ce gobe likitocin Shika sun tashi yin irin na Tata. Abin da zai fara kayar da su, a ganina, ba na'ura ba ce. Rashin sanin ƙarshen labarin marar lafiya ne. Mutum ya zo daga wani ƙauyen Ikara, ya yi zagaye uku na kemo, ba a sake ganinsa ba. Ya samu sauƙi ne? Kuɗi ne suka ƙare? Ya koma na gida? Ya rasu? A wurinmu in mutum ya cika da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ba mai zuwa neman takardar shaidar mutuwa. Lambar wayar da ke cikin fayil ta ɗan maƙwabci ce da ya rako shi, ko kuma tana cikin layukan da aka toshe a 2024 saboda ba a haɗa su da NIN ba.

A rumbun bayanai irin wannan gurbi sunansa NULL, kuma darasin farko da ake koya wa ɗalibi shi ne NULL ba sifili ba ne. Lissafin da ake zana jadawalin tsawon rai da shi, wanda Kaplan da Meier suka fitar a 1958, yana da hanyar lura da waɗanda suka ɓace, amma bisa sharaɗin cewa sun yi kama da waɗanda suka rage. A wurinmu sharaɗin ya karye tun daga tushe, don waɗanda ke ɓacewa su ne mafi talauci da mafi jin jiki. In ka cire su, duk maganin da ka auna zai fito da kyan da ba nasa ba.

Wannan kuwa matsala ce irin tamu, ta masu waya da manhaja. A asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka an raba masu kemo 766 gida biyu, wasu suna shigar da yadda suke ji ta intanet, in abu ya tsananta saƙo ya tafi wurin nas. A 2017 aka buga sakamako: na tsakiyarsu ya rayu wata 31, na ɗaya ɓangaren wata 26. Wata biyar, fiye da ninkin abin da yawancin magungunan da Fojo ya ƙirga suka kawo. Adalci ya sa in ƙara da cewa da aka maimaita gwajin a asibitoci da dama, ba a ga ƙarin tsawon rai ba, amma an ga marasa lafiya sun fi jin daɗin rayuwarsu. Ma'aunin da na ɗora wa Avastin shi zan ɗora wa manhaja.

Mu ba ma buƙatar abu mai ƙyalƙyali. Tsari ne da zai karɓi lambobi uku na dangi a ranar buɗe fayil, ya tuna wa ma'aikaci ya kira duk wata, ya yi aiki da kiran murya da Hausa ko da lambar USSD a ƙaramar waya, ya kuma ɓoye bayanan kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada, da yardar marar lafiya. Ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi 'yan waɗannan garuruwan ne, sun san wace unguwa ce bayan kasuwa, sun san yadda ake gaida mai jinya da yadda ake ta'aziyya. Da mu masu rubuta manhaja a Zariya da Kaduna za mu rage gina manhajar sayar da data ta ɗari da ɗaya, mu je mu zauna da masu ajiye fayil a sashen daji mu ji abin da ke ba su wahala, da an samu abin da za a dogara da shi.

Kafin nan, in takardar ta iso hannunka, kada ka zama likitan gida, kuma kada abin da ka karanta a nan ya sa a dakatar da maganin da aka fara. Daji da yawa suna warkewa in an kama su da wuri aka kammala tiyata da kemo da gashi, kuma tsofaffin magunguna masu araha su ne ƙashin bayan wannan warkewar. Aikinka ka raka su, ka tambaya cikin ladabi: "Likita, wannan maganin na neman warkewa ne ko na sassauci? A gwajin da aka yi, kwana ya ƙara ko ƙari kawai ya rage? Kamar nawa? In ba mu iya sayensa ba, mene ne na biye da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai a sayar da gona?" Ka tambaya kuma ko marar lafiyarku ya cancanci asusun tallafin masu daji na Gwamnatin Tarayya, don Shika na cikin asibitocin da aka fara shi da su, kuma ya shafi sankarar mama da ta mahaifa. Ka ba da lambarka a matsayin ta biyu a fayil, in ka sauya layi ka sanar. In kuma ta Allah ta kasance, bayan an share makoki, ka kira sashen ka faɗa musu ranar.